Igiyar Tankari

Kafin remok ta ciji ƙugiya,
Tankari yakan sa a tura bashe inda ƙasa ta kwanta daidai,
bayan garajinsa, nan Tawa, ƙarƙashin bedi,
ya zaro igiya daga aljihu.

Ba mita ba ce, guntuwar igiyar guga ce.
Ya dafa bakinta a ƙasa da babban yatsan ƙafa,
ya ja ta sama har leɓen ƙarfen da ke bisa taya,
ya yi ƙulli.
Ya ce, "Tsahara, ga tsayinta in ba kowa a wuyanta.
Riƙe wannan."

Sai muka ɗaura.
Tankin ruwa, faifan sola goma sha biyu,
simintin Malbaza buhu takwas,
duk na wata rijiya can gaba da Tabalak.
Bashe ta zauna da gindi, hanci sama,
kamar akuyar da ta gane hanyar kasuwa.
Fitilunta na neman tsuntsu a reshe.
Ƙullin ya wuce leɓen ƙarfe da yatsa huɗu.

Ƙarƙashinta akwai salka biyu na baƙar roba,
ɗaya dama, ɗaya hagu,
ba ruwa suke sha ba, iska.
Na taka famfo.
Allurar agogo ta yi miƙa, ta tashi:
kilo ɗaya,
ɗaya da rabi,
na koma hagu na biya ta abin da na ba dama,
don ya ce motar da aka yi wa son kai
ita ke kai mutum rami.

A biyu da rabi ƙarfe ya sumbaci ƙulli.
Ya ce, "Tsaya."
Na ce, "Baba, bari ta ƙoshi, hanya da nisa."
Ya yi dariya har tari ya kama shi.
"Wanda ya cika ciki ba ya jin daɗin ruku'u.
Hanyar Abalak za ta sa ta ruku'u sau dubu.
Kuma rana ma tana da nata famfon,
za ta ƙara miki kafin azahar."

Ya kaɗa sabulu a gwangwanin tumatir,
ya shafa bakin tiyo, ya kawo ido kusa.
Kumfa ba ta yi magana ba.
Ya miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu:
"Kada iska ta ruɗe ki.
Tana gyara wa mota tsayuwa ne kawai.
Abin da ya fi ƙarfin birki jiya
ya fi ƙarfinsa yau."
Na sauke buhu biyu ban ce uffan ba.

Mun isa. Mun sauke. Ruwa ya hau tanki ran Talata.

A komowa ne, ba remok, ba kaya,
bashe ta zama ɗan maraƙi.
Kowane rami sai ta harba baya,
haƙorana na tafi da junansu,
butar shayi ta bi ta taga.
Sai da na hango tabkin Tabalak na tuna.

Na tsaya, na durƙusa a gefen kwalta,
na danna bakin bawul da kan makulli.
Fsss.
Wani yaro mai tallar kifi ya ja da baya, ya ce maciji.
Na bar mata rabin kilo,
don ya ce ko ba kaya kada a bar salka wayam,
tana murƙushe kanta.

Na gwada igiya. Ƙulli ya zauna wurinsa.
Na sayi tarwaɗa uku, busassu,
ɗaya tawa,
biyu na tsohon da zai tambaye ni, tun ban kashe mota ba,
a wane gari na tuna.