Daren Alhamis a Bayan Gidan Burodin Fresia

Ruwa na dukan rufin kwano a Valparaíso,
keken hawa tudu ya tsaya tun la'asar,
muka hau matakala ɗari da sittin da ƙafa,
mu bakwai, kowa da littafinsa a cikin riga.

Fresia ta rufe shago, ta bar mana ɗumin tanda.
Littafin wannan wata labarin wata tela ne
mai ɗinka wa gawa rigar ƙarshe.
Da ciniki ya ja baya
sai ta shiga samar wa kanta masu saye.
Maza tara. Kowanne ta auna kafaɗarsa da ido
tun yana tsaye yana yi mata bayanin
abin da ta riga shi sani.

Baltazar, da ya shekara talatin a kujerar alƙali,
ya ce shi ko murmushi bai yi ba,
rai ba abin wasa ba ne.
Matarsa Ximena ta ce, "Ji tsoron Allah.
A shafi na tamanin shayi ya fito maka ta hanci,
ni na wanke zanen gado."

Nélida ta ce ita kare ne ya hana ta barci.
An binne mutum tara ba ta ce uffan ba,
amma da aka manta da kare a cikin mota
sai da ta tsallake babi biyu ta leƙa.
Ya rayu. Ta ce to, sauran su suka sani.

Eleuterio, yaron nan mai karatun falsafa,
ya gyara zama, ya share maƙogwaro,
ya kwashe rubu'in awa yana fayyace mana
abin da mace ke ji in an katse mata magana.
Na ɗaga kai, na ga mata huɗu
sun zuba wa kafaɗarsa ido,
Fresia har leɓenta na motsi, tana ƙirge.

Ni kuwa da aka zo kaina, kunya ta kama ni.
Na ce daren da ɗan sanda ya buga mata ƙofa
na ji bakina yana cewa ɓoye almakashin,
ɓoye, 'yar uwa, yi sauri.
Ni da ko gizo-gizo a kofi nake fitar da shi waje.

Sai Doña Herminia, shekara tamanin da ɗaya,
wadda ke kawo mana kek kowane mako,
ta cire tabarau, ta goge da bakin mayafi.
Ta ce labari ya yi daɗi, amma marubuciyar ta yi sake.
"Cokali biyu ba ya kayar da namiji mai kilo casa'in.
Kuma abin da ɗaci, ba a sa shi a miya,
sai a abu mai zaƙi."

Ɗaki ya yi tsit. Sai ruwa a kan kwano.
Kowa ya tuna mazajenta uku
da ke jere a maƙabartar kan tudu, suna kallon teku.
Baltazar ya mayar da yankinsa cikin faranti
a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tuntsire.
"Shekara arba'in ina kantin magani, 'ya'yana."
Muka yi dariya, dariyar ta fi ƙarfin zancen,
ta kuma daɗe fiye da yadda ya kamata.
Ba wanda ya nemi ƙari.

Ni dai na riga na cinye nawa.
Da za mu sauka ta riƙe damtsena,
hannunta ba nauyi, kamar na tsuntsu,
ta tambaye ni ko na ji ɗanɗanon lemon.
Na ce na ji.
Ina ƙirga matakala, ina sauraron cikina:
arba'in da ɗaya, arba'in da biyu.