Kwandon Ƙarƙashin Teburi

Teburi na huɗu nawa ne, shekara goma sha ɗaya,
a wani kanti a Stoke, daura da masana'antar tangaran
da ta daina hayaƙi tun ina 'yar makaranta.
Kusa da gwiwata akwai shuɗin kwando.
Nan nake jefa abin da aka ɗauko, aka turo har gabana,
aka ji jimla, aka ce, "Bar wannan."

Bara da ƙyar yake kai rabi kafin a tashi.
Bana sau biyu Marek ke zuwa kwasa.

Man shanu ne ya fara shiga,
sai cuku, sai kofi mai gwangwani ruwan gwal.
Jiya Beryl Tatton, da hular marigayi mijinta a ka,
ta ture abincin kyanwarta gefe,
ta tsaya, ta jawo shi,
ta ture kifinta a madadinsa.
Ba ta dube ni ba. Ni ma na ƙura wa allo ido.

Ran Alhamis da tsakar rana rediyon ɗakin shayi ya ce
mutum tara sun zauna a Landan, sun ƙirga hannuwa:
kuɗin ruwa na nan inda yake.
Wani masani mai ƙosasshiyar murya ya yaba mana,
wai masu saye sun nuna juriya,
wai kasuwar aiki ta fara hucewa, kuma haka ake so.
Hucewa,
sai ka ce shayin da aka manta a bakin taga.
Desmond, ƙanin mijina, shi ne abin da ya huce.
Sito ya rage masa kwana biyu, ya ƙara ɗaya,
sauran aka gaya masa ta saƙon waya
yana tsaye a tashar bas da abincin rana a jaka.

Juriyar kuwa na san kalarta, roba ce.
Katin farko ya ƙi, a ciro na biyu daga bayan hoton yara,
na'ura ta yi ƙara, kafaɗu su sauko.
Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

A watan Maris bashin gidanmu zai sake fata.
Clive na zaune da biro a bayan ambulan,
yana raba albashi biyu gida bakwai,
kullum gida ɗaya na kwana ba rufi.
Sun ce watakila ruwa ya sauka nan da bazara.
A garin nan kullum ruwa sauka yake,
kan motoci, kan tantabaru, kan shanyar maƙwabta,
ban da wanda muke jira.

Makon jiya aka ɓalle teburi na ɗaya da na biyu,
aka kafa na'urori shida masu gaisuwa da muryar mace.
Ba sa zuwa shan shayi, ba su da ciwon baya.
Ba su da kwando kuma.
Yanzu a kan tarin jaridu nake tsintar naman kaza,
sabulun wanka a tsakanin alewa,
an ajiye an wuce, ba wanda ya ji kunyar kowa.

Ƙarfe tara na cire bajo, na ɗauki kayana,
na bi layin Philippa a teburi na biyar.
Burodi, madara, dankali, da kek ɗin ranar haihuwar Clive.
Ta faɗi jimla a hankali, kamar mai ta'aziyya.
Na ga ƙafarta ta riga ta jawo kwando.
Na ce, "A'a, wannan zai tafi gida,"
na buɗe jaka ina laluben kati na biyu.