Takubba Takwas

A watan Janairu Damagaram ta tashi da hannuwa a hammata.
Duwatsun Birni masu gasa tafin ƙafa
yau sun yi sanyi kamar gindin randa.

Na buɗe ɗakin kwano na gidan matasa
inda takubban wasanmu suka kwana,
guda takwas, sirara kamar tsinken tsire,
kowanne da ɗan maɓalli a baki
don ya taɓa mutum, kada ya huda.

Fassuma ta sa hular raga.
Mutari ya karkace, ya miƙa hannu,
ya kai sukar da na koya masa bara.
Ƙarfen ya lanƙwasa yadda ya saba,
sai ƙas!
Rabi ya faɗi kan siminti yana ƙara,
rabin da ke hannu ya fito da haƙori,
ya keta riga, ya ja layi a damtsenta.
Ɗigo uku na jini.
Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mushe, wannan maki ne?"
Ni ne gwiwoyina suka ƙi ɗaukata.

Na kai guntayen wurin Kalla maƙeri,
bayan Kasuwar Dole.
Bai ajiye kofin shayinsa ba.
Ya juya karayar ga hasken ƙofa:
gefe guda fari kamar gishirin Bilma,
gefe guda ja kamar haƙorin mai cin goro.

Ya ce, "Jan nan tun damina yake ciki.
Ɗari bai sari takobinka ba,
ya tarar da tsohon rauni, ya ƙarasa.
Ƙarfe da gwiwata halinsu ɗaya,
da safe lallashi suke so."

Tun ranar, a gida suke kwana,
ƙarƙashin gado, cikin tsohon bargo.
Mai ɗakina ta ce na tara baƙi marasa gaisuwa.
Kafin wasa ina shanya su a rana,
in murza su da tsumma har su yi ɗumi,
in bi da yatsa ina neman kaushi,
in ƙwanƙwasa kowanne, in kasa kunne.

Jiya shida suka amsa garau.
Na bakwai ya amsa da muryar mura.
Na rataye shi a bango.

Yara goma sha huɗu ne a layi.
Sababbin takubba, an ce, suna Yamai.
Fassuma ce gaba, tana hura tafin hannunta.