Littafin Rasit

Ranar ɗaya ga wata Oga ya miƙo mini littafin rasit,
shafi ɗari, sabo dal, yana ƙamshin tawada.
Bai ce uffan ba. Ya nuna kalanda da leɓe,
ni kuwa na iya karatun kurma.

Sai na tsaya a mahaɗar Gulistan,
inda birnin Daka ke tafasa kamar tukunyar da aka manta a murhu,
ruwan damina har idon sawu,
usur a bakina, laima a hammata.

Doka ɓawo gare ta da ɓargo, kamar lemo,
tun a makarantar horo muka gane wanda ake ba wa tsoka
da wanda ake matsa wa ɓawon a ido.

Wata baƙar mota ta biyo hannun da ba nata ba,
gilashi rufe, 'yar tuta na rawa a goshinta.
Hannuna ya tashi da kansa ya sara mata
tun kafin in tambaye shi dalili.

A bayanta ga Mofizul mai keken haya,
ƙwauri kamar sandar gora, zanen ƙugunsa sharkaf,
ya ɗauko buhun albasa biyu da wata tsohuwa.
Tayarsa ta hau farin layi
da faɗin yatsu uku. Na auna da ido.
A ƙasarmu sunan kuɗi taka,
wanda ya taka, shi ke biyan taka,
in dai ƙafarsa ba ta da takalmi.

Ɗari biyar, na ce.
Ya kwance bakin zane, ya ƙirgo takardun da gumi ya tausasa,
ya ce, "Yallaɓai, na allurar Shefali ne."
Na rubuta sunansa tsaf, ban ci harafi ko ɗaya ba.
Wannan kaɗai na iya yi masa.

Da la'asar na bi ta gadar Buriganga.
Kogin ya yi baƙi ƙirin, ko kwaɗo ya yi ƙaura,
masana'antar rini na kelaya amai a cikinsa
ta bututun da yaro zai shiga a tsaye.
Akwai doka a kan wannan ma, na haddace ta don jarrabawa,
tararta ta isa sayen unguwa guda.
Amma mai masana'antar ne ya yi wa ofishinmu fenti bara,
shi ke aiko da kwandunan mangwaro in lokacinsa ya yi,
kuma wanda ya ci ladan kuturu
ai ya san askin da ke jiransa.

Na daɗe da lura:
duk sanda baitulmali ya ji yunwa
sai a tuna da fitilar bayan keken talaka,
a tuna mai shayi ya tsallake gefen titi da taku ɗaya,
a buga a jarida, an shiga makon gyaran hali.
In asusu ya ƙoshi, dokar ta koma barci
da ido ɗaya a buɗe, yana duban kudu,
inda rufin kwano ya fi yawa.

Da dare Rokeya ta zuba mini shinkafa da miyar kifi.
Ta ce, "Yau ba ka da baki."
Ina kallon hoton mahaifina a bango.
Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa irin keken nan
don in sa wannan kaki.
Ƙwaurinsa ma haka yake, kamar gora.

Na tsame hannu, na jawo littafin, na ƙirga.
Saura shafi sittin da uku,
wata kuwa ya riga ya raba tsakiya.
Gobe Mofizul zai sake biyowa ta mahaɗar,
idonsa a kan farin layi,
nawa idon a kan tayarsa.