Inuwar Goriba

A saman benen makaranta, can Yelwan Tudu,
jikata Lantana ta ja ni gaban madubin hangen nesa.
An ɗauke wuta. Malam Bappa ya ce, "Madalla,
yau Bauchi ta bar wa sama fili."

Ya kunna tocila, ya ce ga rana,
kan wani yaro mai sabon aski, ga duniya,
sai ya ratsa da goriba tsakaninsu.
Inuwa ta sauka a goshin yaron kamar kwabo.
"Husufi ke nan. Ba faɗa, ba kamu,
wata ne ya gitta."

Ni da na lotsa tasar Inna da muciya
shekarar da duhu ya faɗo da hantsi,
kaji suka nufi akurki,
ban tanka ba.

Na kanne ido, na leƙa.
Kaza da 'ya'yanta, da na san su bakwai,
ashe ta ƙyanƙyashe fiye da ƙirge.
Fuskar wata duk zanzana.

A hanya Lantana ta ce, "Kaka, kin yarda?"
Na ce, "Na yarda.
Amma tasar nan ma ta yi ƙoƙari,
rana dai ta dawo."