Bakwai Saura Kwata

A rumfar gyaran agogona, Tashan Dukku,
Hajjo ta buɗe ƙamus:
"Baba, su taim suke ce masa.
Asalinsa wai yanka ne, rabo,
ɗan'uwan ruwan teku mai cika ya janye."

Na ce, ashe mahauta ne.

"Suna kashe shi kamar kuɗi,
sukan ce ma yana da fiffike."

Mu ƙarfe muka ji an buga,
muka raɗa masa suna.
Kakanki kuwa inuwar tsamiya yake tambaya.

Agogo arba'in a gabana,
kowanne da tasa ƙaryar.
Na innarki kaɗai ke tsaye,
bakwai saura kwata.
Na san ciwonsa, 'yar nan.
Ba zan taɓa shi ba.