Yatsa Biyu

Ranar Alhamis na saye ta, bayan la'asar,
da kuɗin adashin shekara uku da na raguna biyu.
Mutari dillali ya dafa ƙirji:
daga Kwatano ta sauka, hajiya,
wata tsohuwa ce mai ita, kasuwa kawai take zuwa.
Na kewaya ta sau uku. Ruwan toka, ba tabo.
Na ƙirga, na miƙa.

Cikin gari ba ta da laifi,
tana ratsa lungunan Zango kamar mai kunya.
Sai da na hau hanyar Mirriya, inda nake karɓar haihuwa,
allura ta taɓa tamanin,
bolan ya kama kyarma cikin tafina
kamar yaro mai masassarar damina.
Na sassauta yatsu, ta nufi hagu.
Na maido ta, ta koma.
Na taka birki don wani jaki, gindinta ya yi rangaji,
ƴan kabu-kabu suka watse suna aiko mini da daƙuwa.

Kowa likita ne a Damagaram in ba motarsa ba ce.
Mai faci ya ce iska ce ba ta daidaita ba,
ya ƙara, ya rage, ya ci dala arba'in.
Maƙwabcina ya ce amortisa. Na canja. Jaka talatin.
Gwaggona ta ce baki ne,
ta ɗaura laya a wuyan madubi.
Layar ma hagu take lilo.

Garejin Kiyari yana bayan Kasuwar Dole,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta daina sha.
Bai buɗe inji ba. Bai tambaye ni komi ba.
Ya durƙusa, ya shafa tayar gaba da tafin hannu
yadda nake shafa ciki in gane kwanciyar ɗa.
Gefen ciki ya cinye, sumul,
gefen waje ko kamar jiya aka saye shi.
Ya ce da yaronsa, Nomau, ɗaga ta.
Ya kama tayar sama da ƙasa, ya girgiza.
Ya kama ta dama da hagu, ya kasa kunne.
Ya juya ta a hankali, da ƙusa tsaye kusa da ƙarfen:
nan ta taɓa, nan ta kauce, nan ta taɓa.
Ga kyarmarki, ya ce, janti ne ya lanƙwashe.
Wannan ƙaramin ciwo ne.

Sannan ya ce a miƙo igiya.
Igiyar shanya ce, ta wani tsohon wando.
Daga cibiyar tayar gaba zuwa ta baya, a dama,
ya ƙulla.
Ya kewaya hagu, ya ja.
Ƙullin ya wuce cibiya da yatsa biyu.
Ya sake. Yatsa biyu.

Ya shige ƙarƙashi da tocila a baki,
ya kankare fenti da ɗan makulli.
Zo ki gani.
Na tattare zane, na duƙa cikin baƙin mai:
ɗinkin walda, mai kauri, kamar tabon tiyatar gaggawa.
Ta taɓa karyewa, ya ce,
wanda ya ɗora ta sauri yake yi.
Kyarma zan raba ki da ita kafin magariba.
Hagun nan kuwa a ƙashinta yake.

Lambar Mutari tun ranar ba ta shiga.

Yanzu sittin nake yi, ba na ƙarawa.
Taya duk wata shida.
In suka kira ni da tsakar dare, naƙuda ta yi tsanani,
duwatsun gari suna wucewa baƙi ƙirin ta taga,
hannuna na dama ya riga ya san aikinsa:
yana ja kaɗan, kaɗan,
kamar mai tafiya da wadda ƙafarta ɗaya ta gaza,
har mu ga fitilar asibiti.